Ranar da Ma'azu Ya Raba Taya da Tiyub

Wani ne ya zuga shi. Ba zan kama suna ba, don cikin azumi aka yi abin kuma ba na son haƙƙin kowa a wuyana, amma mutumin ya san kansa. Yana nan cikin garin Tawa, yana yawo da hula a karkace kamar bai taɓa kashe ko kiyashi ba. Ni dai na daɗe a duniya, na ga wawaye iri-iri, kuma wawa shi kaɗai bai cika yin ɓarna ba. Sai ya sami mai tsayawa a bayansa yana cewa "ƙwarai kuwa".

Ma'azu maƙwabcina ne, ƙofar gidansa tana kallon shagon da nake ɗinki. Shekara bakwai ya yi yana ci-rani a Abijan, ya dawo da tsohuwar mota da baki mai tsawon zangon raƙumi. In ka zauna da shi, zai ce maka a bakin teku shi ne babban mai kula da tayoyin manyan motoci. Waɗanda suka je tare da shi sun ce baro yake turawa, mai taya guda, ita ma wani ne ke yi masa faci.

Matarsa Nasiratu ita ce mai sana'ar gaske a gidan. Firigo biyu gare ta, tana yin ƙanƙara. Shekara uku ke nan duk azumi ita ke kai wa mutanen Bambeye, ta hannun Hajiya Raƙiya, shugabar matan garin. Ana zuba ƙanƙarar cikin buhuna, a cusa ƙaiƙayi don kar ta narke, a loda a wata 'yar tirela mai taya biyu da Ma'azu ya gada wurin ubansa, ya ja ta da motarsa. A wannan ranar Hajiya Raƙiya ta yi odar buhu goma sha biyu, don za a rufe tafsiri, gari duka zai sha ruwa wuri guda. Ta kuma faɗa wa Nasiratu ba ɓoye-ɓoye: akwai wani mai ƙanƙara da ke ta yi mata zarya, in aka saɓa mata yau, gobe shi za ta ba. Kwana uku Nasiratu tana kokawa da wutar kuran mai zuwa tana ɗaukewa, tana roƙon gurbi a firigon maƙwabta, kafin ta haɗa buhunan nan. Da hantsi ta sa aka loda su, aka rufa da tabarma.

Sai ga Ma'azu ya ɓullo daga kan kwana, yana gangaro da tayoyi biyu, ɗaya a kowane hannu, yana tafe yana ɗaga kai kamar wanda aka naɗa jiya.

Bai shiga gida ba. Gindin itacen bedin da Baba Ciɗo mai faci ke zama ya nufa. Tsohon nan shekara arba'in yana liƙe tiyub a unguwarmu, na tirelar ma faci ya fi roba yawa a jikinsu.

"Baba Ciɗo, daga yau ka nemi wata sana'a. Na yi maka ritaya."

"To, madalla, dama na gaji. Mi ka samo?"

"Tubles! Taya wadda ba ta son tiyub. Ƙaya ta shiga, ta kwana ciki, iska ba ta sani ba."

Baba Ciɗo ya tashi a hankali, ya shafa tayar, ya je ya durƙusa gaban tirela ya ƙwanƙwasa ƙarfen da taya ke hawa.

"Tayar dai lahiya lau take. Ƙarhen na ba nata ba. Duba nan, ɗana: ɓari biyu na, ƙusa ta haɗa su. Ga tsatsa kamar ƙanzo. Bakinshi ma ba shi da inda za ya riƙe ta. Iska ba ta zama cikin kwando."

"Abijan mun ɗora ta bisa abin da ya hi wanga lalacewa."

Nan ne fa muryar mutumin nan da na ce ba zan kama sunansa ba ta fito daga cikin masu zaman inuwa: "Ƙwarai kuwa, injiniya! Tsoho bai san zamani ba."

Shi ke nan. An zuba wa wuta mai.

Nasiratu ta leƙo daga zaure. "Maigida, ƙanƙara na bisa hwa."

"Minti goma."

"Minti goman Tawa ko na Abijan?"

"Ke dai koma ciki ki ga aikin maza."

Abin ɗaga mota babu, Ma'azu ya ce ya ara wa wani tun bara. Sai ya tara majiya ƙarfi shida suka ciccibi tirela da ƙanƙararta, ya tura turmi biyu ƙarƙashi. Ɗaya na gidansa, ɗaya na Inna Tani da ke katanga guda da su, wanda ya ɗauko ba sallama. Ta biyo shi da zani a hannu.

"Ma'azu, turmin nan da shi anka kai ni ɗaki! Ya girme ka!"

"Inna, yau za ya shiga tarihi."

"Tarihin uwaka? Astagfirulla, azumi nika yi."

Ya kwance tayoyin, ya zaro tsofaffin tiyub ɗin, ya ɗaga su sama jama'a su gani. Daidai lokacin wani mai ɗinkin guga ke wucewa kan jaki za shi kasuwa. Ma'azu ya wurga masa su.

"Riƙe, malam, kyauta! Ka yanka ka yi guga. Zamaninsu ya wuce."

Mutumin bai tsaya tambaya ba, ya zunguri jakinsa. Baba Ciɗo ya bi su da kallo har suka sha kwana, ya ce, "Allah ya jiƙan aikina."

Da ƙyar da zufa aka cusa tubles a kan ƙarfe. Ramin bawul ya yi wa sabon bawul yawa, Ma'azu ya naɗe shi da leda ya danna. Aka kawo famfon hannu. Mutum huɗu suka yi ta karɓa-karɓa, kowa da azumi a bakinsa, rana tana dukan ƙeya. Suna turawa ta nan, tana fita ta can. Tayar tana ta huci kamar tsohon jaki a hawan tudu, amma ko motsi ba ta yi ba.

"Ku ƙara! Ta kusa!"

"Injiniya, mun hura iskar da ta isa ta ɗaga rumbu."

Baba Ciɗo ya tashi. Ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani, ya zo ya kwarara a kan ƙarfen. Wuri goma sha ɗaya ya yi kumfa. Na ƙirga da bakina. Ƙarfe ya koma kamar bakin raƙumi mai toroƙo.

"Ka gani?"

"Na gani. Ƙananan ƙohohi na. Abijan muna da wani man liƙi na musamman."

"Ina shi?"

"Shina Abijan."

Ya faɗa gida, ya fito da tukunyar da Nasiratu ke dama kunun shan ruwa, ya cika ta da ƙaro, ya hura wuta a bakin titi ya dafa. Ya shafe ƙarfen nan ciki da waje har yana ƙyalli. Kafin ya gama, ƙudan unguwa uku sun sami labari. Tayar dai ta ƙi kama baki. Sai ya ce a ɗaura mata igiya a ciki, a sa taɓarya a murɗa, don gefunanta su buɗe su danni ƙarfe. Ya murɗa sau tara. A na goma hannunsa mai ƙaro ya zame, taɓarya ta warware, ta same shi a ƙwauri, ƙwal! Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya har bakin shagona, ya dawo.

"Haka aka yi," in ji shi, ido na ruwa. "Alama ta ta kusa."

Aka kira azahar. A lokacin ne aka fara jin ɗis, ɗis, ɗis. Kajin unguwa suka taru ƙarƙashin tirela, suna ɗaga kai suna godiya.

Wayar Nasiratu ta yi ƙara. Hajiya Raƙiya ce, kuma muryarta ba ta buƙatar a ƙara mata sauti, duk muna ji.

"Nasiratu, kun taso?"

"Muna bisa turmi, Hajiya."

"Bisa mi?"

"Za mu taso, Hajiya. In Allah ya yarda."

Ta kashe, ta juyo kan mijinta. Murya ƙasa-ƙasa, wadda ta fi ihu ban tsoro.

"Maigida, maida tiyub."

"Sun zama guga."

"To buɗe motar, mu cusa abin da za ta iya ɗauka, mu tahi."

"In bar tirela nan, gari ya ce Ma'azu ya kasa?"

"Gari ya riga ya ce."

"Wa ya ce? Ya hito!"

Muryar nan kuma: "Ba wanda ya ce, injiniya. Mata ba su da haƙurin aiki. Ba ka nuna musu dabarar wuta ba, wadda munka gani cikin waya?"

Wallahi da ba azumi nake ba, da almakashina ya yi magana ranar. Ma'azu ya kulle motar, ya jefa makulli a aljihun wando, ya yi murmushi irin na wanda aka tuna masa inda ya binne tukunyar kuɗi. Nasiratu ta zaga neman amalanke, ranar kasuwa ce, ko ta ɗaukar taki babu a unguwa.

Dabarar wuta ita ce a zuba isansi, wato man fetur, cikin taya, a ƙyasta ashana, ƙarfin fashewar ya buga bakinta ya kama ƙarfe. Ma'azu ya zura tiyo a tankin motarsa, ya kafa baki ya zuƙa. Ya zuƙa da ƙarfin mutumin da ake kallo. Sai ga shi yana tari, yana tofi, ido ya yi ja.

"Ya haɗiye!"

"Ban haɗiye ba!"

"Na ga maƙoshinka ya motsa."

"To azuminai ya karye ke nan."

"Ina! Ai ba abinci ba na."

"Mota mi taka ci in ba shi ba?"

Nan gardama ta kaure, mutum ashirin kowa ya zama malami, har aka aika a tambayo liman. Ƙanƙara tana ɗis, ɗis. Baba Ciɗo ya ɗauki kujerarsa da gwangwaninsa ya koma can tsallaken hanya.

"Baba, ina za ka? Tsaya ka koyi aiki!"

"Daga nan ma ina gani. Shekarata saba'in da biyu, ina son in ga Salla."

Ma'azu ya yayyafa man da ya tara a kwalba, ya sunkuya, ya leƙa cikin tayar kamar mai neman allura, ya ƙyasta.

Bum!

Kaji suka watse. Tantabarun masallaci suka tashi. Da hayaƙi ya lafa, ga Ma'azu zaune a ƙasa, gira babu, gashin baki rabi, fuska sumul kamar ƙwan zabo. Ga kuma taya, abin haushi, ta kama baki ta cika tam.

Ku zo ku ga tafi. Mutanen da ke zaginsa ɗazu su ne ke "injiniya, injiniya". Ya miƙe yana kaɗe riga, ya nuna Baba Ciɗo da yatsa.

"Kwando ya riƙe iska ko bai riƙe ba?"

"Ya riƙe. Tambaye shi har yaushe."

Aka yi maza aka ƙara mata iska da famfo, aka ɗaura. Saura ɗaya. Ita kuma Ma'azu ya ce ba sai an wahala ba, a ɗaura ta a jikin tirela tukuna, a buga mata wutar a can. Kuma tunda kaɗan ya yi aiki, da yawa zai fi. Ya juye rabin kwalba.

Wannan karon har gilashin shagona ya amsa. Tirela ta yi tsalle ta dawo kan turmin Inna Tani, turmi ya rabe biyu kamar an sara goro. Tirela ta karkace, buhu uku suka zamo ƙasa, harshen wuta ya lashi tabarma, ƙaiƙayi ya kama. Jama'a, na ga abubuwa a duniya, amma ranar na fara ganin ƙanƙara tana ci da wuta. Nasiratu ce ta kashe ta, da ruwan ƙanƙararta da ya taru a kwano, tana watsawa tana salati. Inna Tani kuwa ta rungumi ɓarin turminta, ta zauna a tsakiyar hanya.

"Shekara hamsin! Hatsi bai hwasa shi ba, yunwa ba ta sa na saishe shi ba, sai ɗan Abijan!"

"Inna, zan sawo miki na zamani."

"Wanda ba ya son taɓarya, ko?"

Amma ita ma tayar ta kama. La'asar ta wuce lokacin da aka maida buhuna, waɗanda yanzu mutum ɗaya ke ɗaga biyu. Nasiratu ta shige gaban mota. Da a ce ya miƙe hanyar Bambeye daga nan, wataƙila da an tsira da wani abu. Amma mutumin da ya yi asarar gira ba zai bar gari bai gani ba. Ya karya kan mota ya nufi kasuwar dabbobi, yana danna oda, hannu ɗaya a waje yana nuna baya. Na rufe shago na tari kabu-kabu na bi su. Wanda ya ga haihuwa ai ya tsaya suna.

Tun daga nesa nake ganin tayoyin suna yin ƙasa. Zafin kwalta ya narkar da ƙaro, yana dalala yana kwasar yashi. Ta dama ta fara tafiya kamar agwagwa. Daidai ƙofar kasuwa, inda dillalai suka fi cika, Ma'azu ya sha kwana da gudu don a ga iyawa. Tayar hagu ta ce ga garinku. Ta saɓule daga ƙarfe, ta wuce motar ta gefen direba, shi kuma ya bi ta da kallo.

"Kai! Wani ya yar da taya tai!"

"Taka ta, Maigida," in ji Nasiratu.

Tayar ta ratsa tsakiyar raguna, ta ture mai sayar da igiya, ta je ta kwanta gaban wani raƙumi da ko kallonta bai yi ba. Ta dama ta yi tsaki ta lotse. Ƙarfe ya ja ƙasa yana tartsatsi, tirela ta durƙusa, ruwan da ya taru a cikinta tun hantsi ya kwararo kamar an ɓalle bakin tafki.

Dabbobin da suka wuni a rana ba su san ana azumi ba. Raguna suka tsinke igiya. Awaki suka hau kan buhuna suna cin ƙaiƙayi. Jakai biyu suka kafa kai ƙarƙashin tirela, raƙumin ma ya taso a natse ya miƙo wuya ta saman kowa. Dillalai suna ihu, kowa na neman dabbarsa cikin na wani, wani Buzu yana jan akalar raƙuminsa yana faɗa da harshensu, ba mai jin wani. Ma'azu yana tsakiya, yana kora da hula, akuya tana lasar ƙaron da ke wandonsa.

Rana ta sauka kan itatuwa. Waya ta sake yin ƙara. Nasiratu ta duba, ta miƙa wa mijinta.

"Amsa. Gaya mata."

Ya gyara murya. "Hajiya, barka da ƙoƙari. Wato aikin ya yi kyau, kowa ya shaida. Matsala guda, iskar Tawa ba ta da nauyi. Ta Abijan iskar teku ta, tana da gishiri, in ka sa ta cikin taya zama takai. Tamu ta hamada..."

"Wa ka magana?"

"Ma'azu na, injin..."

"Ba ta wayar."

Kasuwa ta yi tsit, don muryar Hajiya Raƙiya har bayan rumfuna ana ji.

"Nasiratu, ɗiyata, ba ni da hwaɗa da ke. Amma ga mutane sun hi ɗari biyu zaune gaban randa mai zahi, tsohhi da masu goyo, kuma ni na ce su jira ki. Na sha kunya yau. Daga gobe na ba wancan. Ki yi haƙuri."

"Na ji, Hajiya. Kin yi gaskiya."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaura ɗankwalinta da kyau, ta kori awaki, ta shiga kwance bakin buhuna. Cikin kowane ƙaiƙayi ne jiƙaƙƙe, da 'yan guntayen ƙanƙara kamar sabulun da aka kusa gamawa. Tana cikin tarawa a tasa aka kira magariba.

"Ku zo ku sha," in ji ta. "Sadaka ta. Ko banza ta sami inda ta je."

Kun san wanda ya fara miƙo moɗa? Shi. Mai hula a karkace. Ban san lokacin da ya iso ba, ban san inda ya sami moɗar ba, amma shi ne a gaba, ya ma zaɓi guntun da ya fi girma. Ya sha, ya lumshe ido, ya yi hamdala. Sannan ya matsa kusa da Ma'azu, wanda ke zaune a kan ƙarfen tirela yana shafa inda girarsa take a da, ya dafa kafaɗarsa.

"Injiniya, ni na ga inda kuskuren yake. Ƙaron na bai ji wuta ba. Da ka ƙara mishi minti biyar, da yanzu kana Bambeye."

Na ga idon Ma'azu ya kawo haske. Ya ɗago kai, ya dubi tayar da ke kwance can gaban rumfar raƙuma.

"Ka san ko ni abin da nika tunani ke nan?"

Nasiratu ta ɗauki tasarta da babu komai, ta tari kabu-kabu, ta tafi gida ita kaɗai.

Yanzu za ka ce in faɗi sunan mutumin. Me za ka yi da shi? Tun hantsi har faɗuwar rana mutum nawa suka tsaya a kan abin nan? Ban da tsoho ɗaya da mace ɗaya, wa ya ce masa bari? Wa ya kama hannunsa lokacin da ya ɗauko ashana? Kowa so yake ya ga ƙarshen wasa, tunda ba ƙanƙararsa ba ce ke ɗiga. Kai ma da kana wurin, gaba za ka matso don ka gani da kyau, ka yi tafi lokacin da ta yi bum, magariba ta yi ka miƙa moɗarka ka sha mai sanyi. In ƙarya na yi maka, ɗaga hannu ka rantse.